Idan Likita Ya Ce Magani Ya Daina Amfani



Mahaifinka na kwance a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ce ke yi masa numfashi. Likita ya ja ka gefe ya ce, "Malam, mun yi iya ƙoƙarinmu." Kuɗi sun ƙare, har an fara zancen sayar da gona. Zuciyarka kuma tana raya maka cewa in ka yarda a cire na'urar, kai ka kashe shi.

To, malamai sun daɗe da zama a kan wannan mas'ala. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halatta a cire na'urar ko da zuciya tana bugawa. A 1987 majalisar Rabiɗa da ke Makka ita ma ta halatta, da sharaɗin likitoci uku su haɗu a kai. Sai dai ta ce ba za a ɗauke shi mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kafin nan babu takaba, babu rabon gado.

Amma a kula, doguwar suma daban, mutuwar ƙwaƙwalwa daban. Mai doguwar suma yana iya farfaɗowa. Saboda haka ka tambayi likita kai tsaye: wanne ne a ciki? Maganin nan warkarwa yake yi, ko jan wahala kawai? Likitoci nawa suka duba? Kada kunya ta hana ka. Kuma ba hukunci ne na wanda ya gaji da jinya ba, balle mai hangen gado.

Allurar da za ta gaggauta mutuwa kuwa haramun ce, ko mara lafiyan ne ya roƙa da bakinsa.

An bar maganin da ba ya amfani, ba a bar mutum ba. A ci gaba da ba shi maganin raɗaɗi, da abinci da ruwa gwargwadon yadda jikinsa zai ɗauka. A riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, a jiƙa masa leɓe, a biya masa bashi in akwai. Idan alamu sun bayyana, ka matso kusa da kunnensa ka laƙƙana masa kalmar shahada a hankali. In ya faɗa, ka ƙyale shi, kada a dame shi da nanatawa.