Harajin Lemon Kwalba, Gumin Jabi da Geron da Muka Watsar

Duk lokacin da maganar ƙara harajin lemon kwalba ta taso a Abuja, amsa ɗaya ake ji daga masu adawa: a bar mutane su sha abinsu, wanda ke tsoron ƙiba ya je ya motsa jiki. Harajin dai naira 10 aka sa a kan kowace lita. Dokar Kuɗi ta 2021 ce ta kawo shi, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kan kwalbar rabin lita da yau ake saye da ɗaruruwan naira. Ƙungiyar CAPPA da abokan tafiyarta na neman a kai shi naira 130, masu masana'antu kuma na kukan cewa ma'aikata za su rasa abin yi. Wannan gardamar masu lissafin kuɗi ce, su ƙarata can. Abin da ya dame ni shi ne waccan amsa ta "je ka motsa jiki", don ta zauna a kan mutane har ta zama kamar ilimi, kuma da ita gidajen motsa jiki na Wuse 2 da Maitama da Gwarimpa suke cin abinci.

Ba daga sama tunanin ya faɗo ba. A watan Agustan 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin Coca-Cola ne ke zuba kuɗi a wata ƙungiyar masana mai suna Global Energy Balance Network, wadda saƙonta shi ne a rage damuwa da abin da ake ci da sha, a mai da hankali ga motsa jiki. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse, saƙon kuwa yana nan da ransa.

Lissafin ba shi da wuya. Kwalbar lemo mai rabin lita na ɗauke da sukari kusan giram 50, daidai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi na yini guda cur, kuma ta ce rabin haka ya fi. Kafin jiki ya ƙone wannan sai an yi fiye da rabin sa'a ana tafiya da sauri. Ka je bakin tafkin Jabi ranar Asabar da safe ka gani. Mutum ya yi tsalle-tsalle da kiɗa, riga ta jiƙe sharkaf, yana fitowa ya tsaya wajen mai kular lemo ya ɗaga kwalba mai sanyi, kafin ya kai ga motarsa ya mayar da abin da ya zubar, har da riba.

Masu binciken Jami'ar Loyola ta Shikago, cikinsu har da Amy Luke, sun auna matan karkara na kudu maso yammacin Najeriya da matan baƙar fata na wajen Shikago, suka wallafa sakamakon a 2008. Nauyin jikinsu ya yi nisa ƙwarai, amma ƙarfin da suke ƙonewa, idan an yi la'akari da girman jiki, bai bambanta yadda aka zata ba. A 2012 Herman Pontzer ya samu irin wannan a wajen mafarautan Hadza na Tanzaniya. Motsa jiki na da amfani ga zuciya da hawan jini da sukarin jini da kwanciyar hankali, kuma minti 150 a mako da ake cewa a yi gaskiya ne. Teɓa ce dai ba ta cika jin maganarsa shi kaɗai ba. Babban gwajin rigakafin ciwon suga da aka wallafa a Amurka a 2002 ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, ya fi maganin metformin da ya tsaya a 31, amma an haɗa motsa jikin ne da gyaran abinci da rage nauyi da bibiyar mutum a kai a kai.

To ina matsayin kocin motsa jiki a nan? Wanda ya biya shi yana ganinsa sa'a uku ko huɗu a mako, cikin sa'a 168. Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Kubwa tun asuba don ya kauce wa cunkoso, ya koma gida bayan isha'i, barcinsa bai kai sa'a bakwai da ake buƙata ba, karin kumallonsa burodi da shayi mai cokali uku na sukari, abincin darensa Indomie da ƙwai a teburin mai shayi. Kocin da bai taɓa tambayarsa ƙarfe nawa yake kwanciya ba, wa ke dafa masa, me ke cikin aljihun teburinsa na ofis, ƙidayar ɗaga ƙarfe kawai yake sayarwa. Kuma a daina yi wa mutane alƙawarin sauya hali cikin kwana 21. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zauna, wani ya kama a kwana 18, wani sai 254. Shi ya sa mai hankali kan ɗauki abu ɗaya, ya ɗaure shi a jikin wanda aka riga aka saba: tattaki bayan sallar asuba, ruwa a madadin lemo a abincin rana.

Wasu kociyoyin sun gane haka, har suna tura wa mutanensu jadawalin abinci ta WhatsApp. A nan ne raina ke ɓaci. Buɗe jadawalin ka karanta: oats da safe, broccoli da ƙirjin kaza da rana, quinoa da kifin salmon da dare. An kwafo shi daga intanet, an rubuta shi don wani mutumin Kalifoniya, an miƙa wa Hajiya da ke cefane a kasuwar Utako. Sati biyu za ta yi tana wahalar da aljihunta a manyan kantuna, ta gaji, ta koma wa shinkafa da miyar mai, tana ganin kanta mai raunin zuciya. Babu gero a takardar, babu dawa, babu acca, babu wake, babu kwaɗon zogale ko rama, babu miyar kuka. Kocin da ya turo ta a kan tuwon dawa ya girma, amma an koya masa cewa wannan abincin ƙauye ne.

Yadda aka koya mana haka yana da tarihi, kuma ba a cika ba da shi ba. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi ƙarin albashin Udoji, naira ta yi ƙarfi, alkamar Amurka da shinkafar waje suka fi hatsin manominmu araha da sauƙin dafawa a birni. Burodi ya zama abincin leburan gari da ɗan makaranta. A zamanin Shagari har kwamitin shugaban ƙasa aka kafa na shigo da shinkafa, Umaru Dikko na jagoranta. Gwamnati ta zuba dukiya a manyan ayyukan ban ruwa, Kadawa da Bakolori da Kudancin Tafkin Chadi, da burin noma alkama a ƙasar da sanyinta na 'yan watanni ne. A Bakolori an raba manoma da gonakinsu, da suka yi bore a 1980 aka buɗe musu wuta. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi guda a kan wannan a 1985, The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya nomawa. Babangida ya hana shigo da alkama a 1987, fasa-ƙwauri ya cike giɓin, aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990. Har yau mafi yawan alkamar da muke ci daga jirgin ruwa take sauka.

Abuja kuwa a tsakiyar wannan zamani aka haife ta: dokar kafa ta 1976, taswirarta 1979, ƙaura Disamban 1991. Birni ne na ma'aikaci mai mota da ke cin abincin rana a waje. Ba a yi shi da turmi a zuciya ba. Gero na son surfe da sheƙa da wanki da niƙa, aikin da mata suka yi shekaru aru-aru ba a biya su ba, kuma babu wanda zai ga laifin matar da ta dawo daga Sakatariya ƙarfe shida ta ɗauki ledar semo. Sai dai a sani, semo alkama ce da aka cire wa dusa. Taliya da cincin da fanke da burodi duk ita ce. Har an kai ga sayar wa masu ciwon suga garin alkama a matsayin tuwon lafiya, alhali ga dawa da ɓawonta a kasuwar Dawanau buhu-buhu.

Haka aka yi wa daddawa. Kalwa ce daga ɗorawa, a dafa, a rufe ta ruɓa, ta ba miya ƙamshi da ɗanɗano. Dunƙule ya ture ta, shi kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Ana jefa huɗu ko biyar a tukunya, a ƙara gishiri a kai, a kawo yaji mai dunƙule a gefe, alhali giram 5 ne iyakar gishirin yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali. Sannan a yi mamakin hawan jini a jikin ɗan shekara talatin da biyar mai zuwa motsa jiki.

Kada a ce na ce gero magani ne. Furar da aka dama da sukari cokali huɗu lemo ce da ta sa rawani. Kunun zaƙi da zoɓon biki haka. Malmala uku na tuwon dawa malmala uku ne, kuma mai ciwon suga ko ƙoda likita da masanin abinci na asibiti zai bi, koci ya san iyakarsa. Amma hatsin da aka bari da dusarsa ya fi riƙe ciki, ya fi farar fulawa sinadarin ƙarfe, ga shi a bakin mutum tun yarinta. Abin da harshe ya saba da shi ne ake iya riƙewa shekara da shekaru, kuma ɗorewa ake nema.

Indiya ta ga wannan. Ita ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin Shekarar Gero, ta yi ta tallata hatsinta har a teburin manyan baƙi. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen noman dawa da gero, ga cibiyar bincike ta Samaru a Zariya da ta Tafkin Chadi a Maiduguri sun daɗe suna fitar da iri, amma shekarar ta wuce mu kusan shiru.

Saboda haka masu rigimar naira 10 da naira 130 su faɗa mana inda kuɗin zai tafi. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana cikin Sakatariya, ta leƙa ta ga abin da ake sayarwa ma'aikatanta da rana, ta kuma duba abin da ake rabawa a tarurrukanta na yaƙi da ciwon suga, idan ba lemo da soyayyen fulawa ba ne. Hukumar Babban Birnin Tarayya ta ƙwato hanyoyin ƙafa da motoci suka mayar wurin ajiya a Wuse da Garki. Masu jari su kawo garin gero da na dawa mai tsabta, marar tsakuwa, a leda, wanda zai tuƙu cikin minti goma. Kai kuma da ke biyan koci kuɗin wata, ka mayar masa da takardar nan, ka ce ya sake rubuta ta da abin da ake samu a kasuwar Wuse, ya sa ma'auni: malmala nawa, ludayi nawa, ƙarfe nawa na dare za a rufe kicin.