Ƙiba da Rama da Bakin Jama'a



Abin da na ke nufin tattaunawa a kai shi ne dangantakar da ke tsakanin nauyin jikin ɗan Adam da halin da zuciyarsa ke ciki, da kuma rawar da bakin jama'a ke takawa a tsakaninsu. Zan kafa misalina da ƙasar Lolo, watau garin nan na Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, domin kuwa a irin wannan wuri ne mutum zai ga ra'ayoyi biyu masu karo da juna suna zaune cikin gida ɗaya.

A al'adarmu, kamar yadda kowa ya sani, ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali. Amaryar da ta shekara a ɗakinta ba ta yi jiki ba, to, ita da mijinta sun shiga bakin duniya, a ce ba ya ciyar da ita, ko kuwa kishiya ta hana ta sakat. Maƙwabtanmu Zabarmawa na Jamhuriyar Nijar har gasar ƙiba mata suka san yi, wadda su ke kira hangandi. Wannan ra'ayi bai taso a banza ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Inda yunwa ta saba ziyara, ba abin mamaki ba ne a girmama teɓa. Amma binciken nan dai ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, ga kuma hawan jini da ciwon sukari suna biye. Yau 'yar makaranta a Bagudo ta kan ga sirara a wayar hannu ta raina jikinta, alhali kakarta na yi mata faɗan rama.

To, mene ne masana halayyar ɗan Adam suka gano game da hana kai abinci? A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 waɗanda suka yarda a rage musu abinci na tsawon mako 24. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda halinsu ya sake: ba su da zance sai na abinci, ga saurin fushi, ga baƙin ciki, da aka sakar musu mara kuwa wasunsu suka dinga ci ba ƙoshi. Duk manomin da ya ga ƙarshen damina da rumbu wayam ya san wannan tun kafin Keys. A 2007 Traci Mann da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan masu rage abinci don su rame, suka tarar cewa bayan 'yan shekaru kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku sun mayar da fiye da abin da suka zubar.

Wani ɓangare na dalilin yana ga wani sinadari da ake kira kotisol, wanda wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙoda ke fitarwa idan mutum ya shiga fargaba. Amfaninsa shi ne ya tanadar wa jiki ƙarfi a lokacin haɗari. Amma idan damuwa ta daɗe, kamar ta ɗan kasuwar bakin iyaka da rufe iyakoki na Agustan 2019 ya tsayar wa da sana'a, ko ta manomin shinkafa da ambaliyar 2020 ta cinye wa gona, sai sinadarin ya ƙara kwaɗayin maiƙo da zaƙi, ya kuma tara kitse a tumbi. A 2010 Janet Tomiyama ta gwada mata 121 na tsawon mako uku, ta samu cewa takura abinci shi kansa yana ɗaga kotisol. Watau maganin ya kan ciyar da cutar.

Sai batun gori. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan asibiti, suna zaton kunyata mai ƙiba zai sa ya yi hankali. Ni kam ban ga hujjar wannan zato ba. A 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano sun bayyana sakamakon bin diddigin Amurkawa fiye da 6,000 na shekara huɗu, inda waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu suka fi sauran yiwuwar faɗawa cikin ƙiba mai yawa da ninki biyu da rabi. Wanda aka yi wa dariya ya kan guji fita motsa jiki, ya guji likita, ya koma ɗaki ya huce a kan akushi.

Amma a ƙasar Hausa gorin ya fi sauka a kan ramammiya, kuma a nan ne haɗarin ya fi kusa da mu. Don gudun bakin dangin miji, 'yan mata da amare kan sayi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a hannun masu tallar magani a kasuwa. Daga cikin waɗannan akwai deksametason, wanda ba kome ba ne illa ɗan'uwan kotisol ɗin nan da aka harhaɗa a masana'anta. Abin da ya ke kawowa ba ƙoshin lafiya ba ne: fuska ta kumbura ta yi fayau, ciki ya yi tulu, ƙafafu su sirance, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta karye. Wadda ta daɗe tana sha kuma, ƙullutan nan na bisa ƙodarta sun riga sun yi barci, saboda haka idan ta daina farat ɗaya jininta na iya faɗuwa har ta rasa ranta. Dole ne likita ya riƙa rage mata shi kaɗan kaɗan, wani lokaci har tsawon makonni ko watanni, kafin jikinta ya koma fitar da nasa.