Gilashin mota da harsashi: abin da fim ya ɓoye mana

A hutun da ya wuce, muna cikin mota a tashar Yelwa muna jiran ta cika zuwa Kontagora, wani saurayi ya miƙo mana wayarsa. Bidiyo ne a TikTok: ana ta ɓarin wuta kan motar jarumi, shi kuwa ko gezau. Ya ce ai in ka ɗaga gilashi ka rage haɗari. Direba ya kalle shi ya ce, "Ɗan samari, wannan a fim ne." Mun yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai. Duk wanda ya taso a yankin nan bai manta 17 ga Yunin 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Mu dai batun harbi a hanya ba labarin fim ba ne.

Gilashin mota iri biyu ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa kamar saƙar gizo-gizo amma ba ya zubewa. Na gefe, a yawancin motocinmu, ana gasa shi ne yadda in ya fashe zai wargaje ƙanana kamar tsakuwa. Don hatsarin mota aka yi su duka, ba don bindiga ba.

To me ke faruwa da harsashin ƙaramar bindiga, wato fistol, in ya bugi gilashin gaba? Yana wahala, gaskiya. Gudunsa na raguwa, bakinsa na lotsewa, wani lokaci ɓawon tagullar da ke lulluɓe da dalmar ya saɓule. Kuma da yake gilashin a kishingiɗe yake, harsashin kan karkace daga inda ya nufa. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka: yana ratsawa, kuma da sauran ƙarfin kisa. Karkacewar ma ba sauƙi ba ce, don tana iya kai shi kan wanda ke kujerar gefe. Ga ɓurɓushin gilashi da ke feshe ido da fuska.

Hukumar FBI ta Amurka ta ɗauki abin da gaske bayan musayar wuta a Miami ranar 11 ga Afrilun 1986, inda jami'anta biyu suka mutu. Cikin gwajin da ta ɓullo da shi daga baya har da harbi ta gilashin mota, kuma ana son harsashin ya shiga aƙalla inci 12 cikin wani daskararren abu mai kama da tsokar mutum. Ka ji fa, bayan ya ratsa gilashin ke nan.

Fistol ma ke nan, mai gudun kusan mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa. AK-47 da 'yan bindiga ke yawo da ita harsashinta ya haura mita 700. Baƙin gilashin da wasu ke taƙama da shi leda ce kawai. Na mota mai sulke daban yake: falle-falle ne masu kaurin santimita da dama. Ƙofa ma gwangwani ne. Inji ne abu mafi ƙarfi a jikin mota. Allah ya kiyaye, in ta ritsa da kai a hanyar Kontagora ko ta Koko, sunkuya ƙasa da taga, ka rufe fuska, ka manta da ɗaukar bidiyo.

In kuma an samu rauni, komai ƙanƙantarsa, a nufi asibiti. Dokar da aka yi a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.