MIYAR WAKE: YADDA AKE DAFA TA A HANKALI, DA ABIN DA ZA A KIYAYE

Nijeriya ita ce kan gaba a duniya wajen noman wake irin namu, Jamhuriyar Nijar kuwa tana bi mata. Jihar Gombe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996, tana daga cikin wuraren da suka yi suna da wannan noma. Idan kaka ta yi, manoman Akko da Kwami da Dukku da Yamaltu-Deba sukan kawo amfaninsu kasuwar Tudun Hatsi da ke cikin garin Gombe, inda fatake ke lodin manyan motoci zuwa Legas da Onica da sauran biranen Kudu. Amma duk da wannan arziki, a gidaje da yawa ba a cin wake gwargwadon yadda ya kamata, musamman a cikin miya. Dalilin da uwargida takan bayar ba ɓoyayye ba ne: wake yana cin itace, yana kuma cin lokaci. Itace da gawayi da gas sun yi tsada, mata da yawa kuma yanzu suna fita aiki ko kasuwa, ba su da sukunin zama a gindin murhu awa biyu ko uku.

Dafuwa a hankali, ko da tukunyar lantarki ko da wata dabara ta gida, tana magance wannan matsala. Sai dai tana da sharuɗɗa, waɗanda in aka yi sakaci da su abincin da aka dafa domin gina jiki zai iya kwantar da iyali.

AMFANIN WAKE GA JIKI

Wajen kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari na busasshen wake abin gina jiki ne, watau furotin, wanda shi ne ke sa yaro ya girma, ya kuma gyara tsokar babba. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su kai rabin wannan ba. Bugu da ƙari, furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da masana ke kira laisin, wanda yake da yawa a wake; shi kuma wake yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. Saboda haka tuwon dawa da miyar wake, idan suka haɗu a kwano ɗaya, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, har su kusa yin aikin nama. Iyayenmu na dā ba su san sunayen waɗannan sinadarai ba, amma haɗin da suka bar mana daidai yake.

Har ila yau wake yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, da wani bitamin da mace mai juna biyu ke bukata ƙwarai a farkon ciki. Jiki ya fi karɓar wannan ƙarfe idan an haɗa da tumatir ko tattasai ko ɗan lemun tsami. Shan shayi a kan abinci kuwa yana rage shi. Yaron da ya cika wata 6 ana iya fara ba shi miyar wake da aka burge ta yi laushi, ba yaji, tare da ci gaba da nono. Wannan yana daga cikin hanyoyi mafi araha na tsare yara daga tamowa.

TUN DAGA KASUWA

Aikin miya yana farawa ne daga sayen wake. Babban abokin gaban wake a rumbu shi ne ƙwaro, kuma domin gudunsa wasu 'yan kasuwa sukan yayyafa wa buhu maganin ƙwari irin wanda ake kira fiya-fiya, ko su jefa ƙwayar gas ta feshin rumbu a cikinsa ba bisa ƙa'ida ba. Wannan mummunar ɗabi'a ce, ta kuma jawo wa ƙasa hasara: a shekarar 1993 aka kafa hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, wadda ta sha gargaɗi a kan haka, amma duk da gargaɗin, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari.

Saboda haka mai saye ya ɗebi waken ya sansana. In ya ji warin magani, ko ya ga wani farin gari a jikinsa, ya bar shi, domin wanki da dafuwa ba su ba da tabbacin fitar da gubar duka. Waken da aka ga 'yan ƙwari kaɗan a cikinsa bai kai wanda ke wari haɗari ba; ana shanya shi a rana, a sheƙe, a tsince. Mai son ajiya kuwa ba shi da bukatar magani ko kaɗan. Akwai buhu mai ninki uku, watau leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masana aikin gona na Maraɗi da na Nijeriya suka yaɗa tun daga shekarar 2007. Idan aka ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare a ciki, ƙwarin sai su mutu. Jarka ko ganga mai murfi, in an cika ta fal aka toshe, ita ma tana yin wannan aiki.

Fari ko ja, kananado ko ɗan ila, duk suna miya. Abin lura kawai shi ne, waken da ya shekara a ajiye ya fi sabo taurin kai a tukunya.

MECE CE TUKUNYAR LANTARKI MAI DAFUWA A HANKALI?

Tukunya ce ta tangaran mai kauri, wadda ake zaunar da ita a cikin wani mazubi na ƙarfe da ke ɗauke da wayar da ke yin zafi, sa'an nan a rufe da murfin gilashi. Ta sha bamban da tukunyar nan mai matse tururi, wadda ke dafa wake cikin rabin awa. Ita wannan zafinta kaɗan ne, sau da yawa bai kai na tafasa sosai ba, amma ba ya yankewa har awa 6 ko 8. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya sami rajistar ƙirƙiro ta a shekarar 1940, kuma domin dafa wake ya yi ta tun asali. Daga baya, a shekarar 1971, aka fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot. In an duba, dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tukunyar ƙasa da ake bari a kan garwashi tun hantsi har la'asar ita ce kakarta, kuma wanda ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, da alama ya san girkin wake.

Matsakaiciyar tukunya tana jan wuta wajen wat 200, watau ko ta wuni awa 8 a kunne ba za ta ci yunit 2 ba. Dutsen guga ya ninka ta ja sau da yawa. Wannan ne ya sa gidan da ke da wutar sola mai ɗan ƙarfi zai iya riƙe ta.

YADDA AKE HAƊA MIYAR

Ga iyali mai mutum 6, gwangwanin madara 4 na wake ya isa. A tsince shi, a wanke, a jiƙa shi a ruwa mai yawa tun da dare. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, kada a dafa da shi, domin a cikinsa ne wani ɓangare na abin da ke sa kumburin ciki yake narkewa. Mai son miya mai santsi irin wadda ake ci da tuwon shinkafa, ko irin gbegirin Yarabawa, sai ta murje waken ta wanke bawon ya fita. Mai son miya mai kauri da cika ciki kuwa ta bar shi da bawonsa, gama bawon yana taimakon hanji wajen fitar da bayan gida.

A nan ne sharaɗi mafi girma yake. Kafin wake ya shiga tukunyar lantarki, wajibi ne a ɗora shi a wuta da sabon ruwa, ya tafasa sosai, yana ɓararraka, aƙalla minti 10. Ɗanyen wake kowane iri yana da wani sinadari mai cutar da hanji, wanda tafasa ce kaɗai ke kashe shi, zafin da bai kai tafasa ba kuwa ba ya taɓa shi ko da an wuni. Waken gida yana da shi kaɗan ne. Amma jan waken nan mai siffar ƙoda, wanda ake samu a kantuna da wasu kasuwanni, yana da shi da yawa ƙwarai, har ƙwaya 4 ko 5 da ba su dahu ba sun isa su sa mutum amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a tafasa irinsa minti 30. Uwargida ba ta da bukatar tsayawa tantance wane iri ne a hannunta. Ta tafasa kowanne.

Tun da wannan tukunya ba ta suya, sai a soya albasa 2 da manja ko man gyaɗa ludayi 1 a kasko, a zuba daddawa da citta da masoro da ɗan attaruhu, su yi ƙamshi. Idan da ƙashin miya ko nama, a tafasa shi tare da waken. Naman da ya daskare a firji kuwa sai ya saki tukuna, domin in aka sa shi da ƙanƙararsa zai daɗe yana ɗumi-ɗumi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa. Sa'an nan a juye duka a tukunyar, da zafinsu, a sa gishiri daidai, a zuba ruwan zafi ya haura waken da gaɓar yatsa biyu. Kada a cika ruwa kamar yadda aka saba a murhu, gama a nan tururi ba ya fita, komawa yake yi cikin miya. Tukunyar kuma kada ta gaza rabi, kada ta wuce kashi biyu cikin uku.

A ƙaramin zafi miyar takan ɗauki awa 6 zuwa 8, a babban zafi awa 3 zuwa 4. A bar murfin a rufe. Duk buɗewa ɗaya domin leƙe tana ƙara wa girkin wajen minti 20.

Tumatir da duk wani abu mai tsami, kamar yakuwa ko tsamiya, suna hana wake laushi idan aka sa su tun farko. A soya markaɗen tumatir da tattasai daban, a zuba bayan waken ya fashe, saura kamar awa 1 a sauke. Busasshen kifi, irin wanda masuntan Dadin Kowa ke kawowa kasuwar Gombe, a wanke shi da ruwan zafi a cire ƙaya, ya shiga tare da tumatirin. Kabewa tana iya shiga tun farko, ta narke ta ba miya jiki da zaƙi. Alayyafo ko zogale su ne na ƙarshe, minti 20 ya ishe su. Daga nan a sa maburgi a burge gwargwadon kaurin da ake so.

Game da kanwa, gaskiya ne tana sa wake ya nuna da wuri, amma tana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikinsa, kuma tana ƙara wa abinci irin gishirin da ake hana mai hawan jini. Waken da ya kwana a ruwa, ya kuma wuni a tukunya, ba ya bukatarta.

IN WUTA TA ƊAUKE

Wannan ita ce tambayar da kowane magidanci zai yi, kuma da gaskiyarsa. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka nan fiye da awa 2. A garin Gombe, inda zafin Maris da Afrilu yakan kusa digiri 40, miyar wake tana saurin lalacewa fiye da haka. Idan wuta ta ɗauke ana gida, nan take a juye miyar a tukunyar ƙarfe a ƙarasa a murhu. Tangaran ɗin kansa ba a ɗora shi a wuta, fashewa zai yi. Idan kuwa an dawo aka tarar da tukunya ta huce, ba a kuma san tun yaushe ba, to, a haƙura da miyar. Wasu ƙwayoyin cuta suna barin dafin da tafasa ba ta kashewa, kuma ba lalle ne hanci ya ji wari ba. Hasarar gwangwani 4 na wake ba ta kai kuɗin gadon asibiti ba. Don haka gidan da ba shi da tabbacin wuta kada ya kunna wannan tukunya ya kulle ƙofa ya tafi.

Irin wannan gida yana da wata mafita da ba ta bukatar lantarki sam. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa auduga, wadda Gombe ta daɗe da yin suna da ita, ko buntun shinkafa, ko tsofaffin barguna, kaurin ya kai faɗin tafin hannu ta kowane gefe. A haɗa miyar a tukunya mai murfi mai kama baki, ta tafasa sosai minti 20, sa'an nan a sauke ba tare da an buɗe ba, a zaunar da ita a tsakiyar kwandon, a danne da matashi. Zafin da ta riƙe zai ci gaba da dafa waken, bayan awa 3 ko 4 a same shi ya yi laushi. Babbar tukunya da ta kusa cika ta fi ƙarama riƙe zafi. Itacen da za a ƙona kaɗan ne idan aka gwada da na girkin yau da kullum, hayaƙin da uwargida da goyonta ke shaƙa shi ma ya ragu. Ga garin da kwazazzabai ke ci, duk bishiyar da ba a sare ba riba ce. Kada miyar ta wuce awa 4 a kwandon, kuma a sake tafasa ta minti 5 kafin a zuba wa kowa.

Ragowar miya, in akwai firji, a raba ta a ƙananan kwanoni domin ta yi saurin hucewa, a sa ta ciki kafin awa 2, a cinye cikin kwana 3. Wajen ɗumame a yi amfani da murhu, ta tafasa har tsakiya ana juyawa, domin tukunyar lantarkin tana jinkirin ɗaukar zafi, ba ta dace da ɗumame ba. Inda babu firji kuwa, a auna wake daidai cikin mutanen gida, a dafa na yini ɗaya.