Wa Ke Juya Baba da Ƙarfe Biyun Dare?

A watan Janairun 2018 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, a 2021 kuma aka naɗa mata shugabanni, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Tun daga lokacin, duk sanda aka ambaci kula da tsofaffi a rediyo ko a majalisa, sai ka ji wani ya zabura: "Mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu." A yi masa na'am, magana ta mutu a nan.

Gaskiya ya faɗa, ba ma kaiwa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu fara ba. Sai dai wannan amsa tana rufe bakin tambayar da ta fi ta nauyi. To, Baba yana gida. Wa ke ɗaga shi zuwa bayi? Wa ya san ƙwayar da zai sha da safe da wadda zai sha bayan isha'i? Wa ke tashi cikin dare ya sauya masa zanen gado?

Gidan da muke tutiya da shi gidan gandu ne: mata huɗu ko biyar a tsakar gida, samari a soro, kaka kuma tana da jikar da aka ba ta riƙo, tare suke kwana. Jinya takan rarrabu a hannuwa da yawa har ba a lura da nauyinta. Yau babban ɗa yana Abuja, mai bi masa yana Fatakwal, 'yar da ke kusa malamar firamare ce, jikoki boko da safe, islamiyya da yamma. Cutar ma ta sauya salo. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ba sa kwantar da mutum na mako biyu kawai. Da ikon Allah da taimakon magani, tsoho kan yi shekaru a kwance. Masu shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne na 'yan Najeriya. Kason kamar kaɗan ne, amma a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wajen mutum miliyan 10 ke nan.

A mafi yawan gidaje nauyin kan faɗa wuyan mace ɗaya, ko 'yar tsohon ko matar ɗansa, kuma sau da yawa tana da aikin albashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta san hutun haihuwa, ta san hutun rashin lafiyar ma'aikaci, ta ba shi aƙalla kwana 6 na hutun shekara bayan ya yi wata 12 yana aiki. A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta maza kwana 14 idan matansu sun haihu. Amma babu layi ko ɗaya game da ma'aikacin da mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Abin da ya rage masa shi ne kirkin oga. In oga mai tausayi ne ya kau da kai, in ba haka ba a miƙa takardar tuhuma. Ita kuwa malama sai ta koyi saɓi-zarce: ta sa hannu a rajista, ta ba wa ɗalibai aiki a allo, ta tsere gida ta ba Hajiya magani, ta dawo da gumi. Ba ta yi wa ɗalibai adalci ba, ba ta yi wa Hajiya ba. A Japan doka ta ba ma'aikaci har kwana 93 don jinyar wani daga cikin iyalinsa. A Ingila, daga Afrilun 2024, akwai mako guda a shekara, ko da yake ba a biyan albashinsa. Mu da muka fi kowa faɗar darajar iyaye, ko yini guda ba mu rubuta ba.

Idan abin ya gagara, sai a kira dillaliya. Nan ne kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A kawo yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku daga ƙauye, a ce mata ga Hajiya nan, ki kula da ita, kowa ya tafi wurin aikinsa hankali kwance. Mun ɗauka jinya shara da wanke-wanke ce da aka ƙara wa ba da abinci. Alhali jinya sana'a ce mai ilimi, kuma gyambon kwanciya kaɗai ya isa hujja.

Fatar mutum tana rayuwa ne da jinin da ke bin wasu 'yan jijiyoyi da suka fi silin gashi siranta. Idan mutum ya kwanta, nauyin jikinsa yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jijiyoyin nan su toshe. Mai noman rani ya san abin da ke faruwa idan aka ɗora buhu a kan mesar ban-ruwa: injin yana ta aiki, amma fangalin da ke can ƙarshe yana bushewa. Mai lafiya ba ya bari a kai ga haka, domin ko a cikin barci jikinsa yana jin matsin, ya muskuta bai ma sani ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, ko dai ba ya jin matsin, ko yana ji amma ba shi da ikon motsawa. Cikin 'yan sa'o'i naman wurin ya fara mutuwa. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙashin tsatso, gefen ƙugu, diddige da allon kafaɗa. Fitsarin da ya jiƙa shimfiɗa yana jiƙa fatar ta yi laushi, jan mutum a kan zanen gado maimakon ɗaga shi kuma yana ƙara ɓarna.

Littattafan likitanci sukan ce a lura da wurin da ya yi ja. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, ko ya yi tauri da ɗumi idan an taɓa. Wanda ba a koya wa ba ba zai gani ba har sai fata ta fashe, a lokacin kuwa sau da yawa ramin da ke ƙasa ya fi bakin da ake gani faɗi. Yana iya cin nama har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Sai ka ji ana cewa jikin Baba ya rikice, aka kwashe shi zuwa asibiti, babu wanda ya danganta abin da kwanciyar da ya yi wuni guda a gefe ɗaya. Wasu ma, don ƙauna, sai su dinga murza wurin da man zafi ko su gasa da ruwan zafi, su ƙara wa naman da ya riga ya jigata rauni.

Rigakafin ba shi da tsada: a juya majinyaci kusan duk bayan sa'a biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa, a tabbatar shimfiɗa a bushe take, a duba fata kullum lokacin wanka. Akwai katifar iska mai hurawa tana saki da kanta, tana taimakawa, amma da lantarki take aiki, kowa kuwa ya san halin da ake ciki. Yanzu a yi lissafi. Duk bayan sa'a biyu, sau goma sha biyu ke nan a kwana guda, har da ƙarfe biyu da ƙarfe huɗun dare. Matar da za ta tsaya gaban aji ƙarfe takwas ba za ta iya ba, komai son da take yi wa uwarta. Yarinyar da ita kanta raino take buƙata ba za ta iya ɗaga dattijuwa mai jiki ba, balle ta gane duhun fata.

Haka batun ciyarwa. Shanyewar jiki takan taɓa haɗiya. Idan aka yi wa mutum ɗura yana kwance, abinci kan bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da tari su taso, a ce sanyi ne ya kama shi. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama. Wanda ke ƙwarewa da tsurar ruwa sau da yawa ya fi samun sauƙin kunu mai kauri.

Sai gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Cutar ƙwaƙwalwa ce, ba rigima ba, ba kuma wajibi ne kowane tsoho ya yi ta ba. Daga alamunta akwai mutum ya ajiye kuɗi ya manta, ya rantse an sace. Wa za a fara tuhuma? 'Yar aiki. An mari yara da yawa, an kore su, kan kuɗin da daga baya aka tsinta a ƙarƙashin katifa. Rikicewar kuma takan tsananta da faɗuwar rana, shi ya sa ake saurin cewa iska ce. A yi addu'a, wannan ba a hana kowa ba. Amma tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya wayi gari bai gane 'ya'yansa ba, wannan ba gigin tsufa ba ne, don shi a hankali yake shigowa. Yana iya zama ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wata sabuwar shanyewa. Asibiti za a nufa a ranar.

Masu cewa ɗaukar mai jinya da kuɗi yasar da iyaye ne, da sun koma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya ɗora wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa marasa hali, kuma ya haɗa har da ɗawainiyar mai yi musu hidima. Malaman sun ma tattauna yadda za a raba nauyin tsakanin 'ya'ya: daidai-wa-daida, ko bisa kason gado, ko gwargwadon ƙarfin kowa. Ke nan mai hidima ba baƙon abu ba ne. A lura kuma da wanda aka ɗora wa: 'ya'ya. Matar ɗa in ta yi, alheri ta yi, ta cancanci godiya. Akwai ma inda alherin nata ba zai kai ba, domin kunya ba za ta bari ta yi wa surukinta wanka ba, shi ma ya gwammace ya kwana cikin jiƙa da ya kira ta. Dattijo namiji yake buƙata, kuma maza masu wannan aiki sun fi wuyar samu.

Ina za a samo wanda ya iya? Kamfanonin tura masu jinya gida sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Amma a garuruwanmu akwai ɗimbin matasa da suka gama kwalejojin koyon aikin lafiya da tsafta, suna aikin sa-kai a ƙananan asibitocin unguwa ba albashi. Akwai nas-nas da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu. Shugabar asibitin unguwa takan san wanda ke da hannu da haƙuri. Ko iyalin da ba su da halin ɗaukar ƙwararre na dindindin, suna iya biyan nas ta zo sau ɗaya ko biyu a mako, ta duba fata, ta auna jini da suga, ta koya wa babbar mace mai hankali da aka ɗauka yadda ake juyawa da ɗagawa. Kafin a sallamo majinyaci daga asibiti ma, a roƙi likitan gashin ƙashi ya nuna wa mai jinya da hannunsa, kada a tsaya ga bayanin baki.

In an samu mutum, a nemi wanda zai tsaya masa, a rubuta sharuɗɗa a gaban mai unguwa ko wani dattijo: aikin da zai yi, wanda ba nasa ba, ranar hutu, ranar biya. Kada a haɗa wa mai jinyar girkin gida da wankin yara. A ajiye littafi a gefen gado ana rubuta lokacin magani da lokacin juyi, don wanda ya karɓi aiki da yamma ya san inda aka tsaya. Kuma a biya da mutunci. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Mai son a kwana ido biyu a kan mahaifiyarsa da abin da bai kai rabin haka ba, kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar an gudu.

Hukumomi fa? Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012, ita ce ta farko a ƙasar. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. A takarda an yi ƙoƙari. Ka je unguwa ka tambayi mai jinya ko wani jami'i ya taɓa leƙo ta. Lokacin da Ingila ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya dubbai suka yi kwas suka tafi juya iyayen wasu. Horon da suka samu na 'yan makonni ne, irin wanda kowace jiha za ta iya bayarwa a kwalejojinta na lafiya, da takardar shaida da rajistar da iyali za su duba. Ba gini ake nema ba, shi ya sa ƙila abin bai burge masu ba da kwangila ba.

Kafin nan, akwai lissafin da iyali za su yi da kansu. Yayan da ke Abuja yana turo kuɗin magani da kunzugun manya duk wata, ana ta sa masa albarka. Ƙanwar da ta ajiye aikinta ta dawo gida ba ta turo komai, don haka ba ta cikin lissafi. Amma ta rasa albashi, ta rasa ƙarin girma, kuma a tsarin fansho na dokar 2014 ta rasa kashi 10 da ma'aikata ke zuba mata da kashi 8 da ake cira daga albashinta duk wata. Jinyar shekara biyar tana iya cinye abin da za ta dogara da shi a nata tsufan. Ranar da 'yan'uwa za su zauna rabon ɗawainiya, a sa albashinta a cikin jerin, kusa da kuɗin magani, a kuma fitar da wanda zai karɓe ta daren Juma'a da na Asabar, da sunansa.