Tashi da Sauka a Ayarin Kwamfutoci



Akwai lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, alal misali hasashen damina irin wanda manomin Ɗankaza yake saurare a rediyo kafin ya yi shuka. Dabarar ita ce a haɗa kwamfutoci da yawa da waya, su raba aikin a tsakaninsu. A shekarar 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa ƙananan kwamfutoci 16 a hukumar NASA ta Amurka, suka kira haɗin Beowulf. Tun daga nan jami'o'i marasa ƙarfi suka sami hanyar yin babban lissafi da araha.

Da yake harshe ne fannina, na zaɓi in kira wannan haɗi ayari, domin tsarinsa ya yi kama da na fataken Gwanja. Akwai madugu, watau kwamfutar da take rarraba aiki. Akwai rumbu, inda ake ajiye bayanai. Sauran kuwa 'yan dako ne, kowa da kayan da aka ɗora masa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ayarin nan yana da ƙa'idar tashi da ta sauka: wanda aka dogara da shi, shi ne farkon tashi, shi ne kuma ƙarshen kwanciya.

Wajen tashi, akan fara kunna na'urar sanyaya ɗaki, sannan na'urar da ta haɗa wayoyin sadarwa, sai rumbu, sai madugu. Ɗan dakon da ya riga rumbu tashi zai nemi bayanansa ya rasa, ya tsaya cik. Su ma 'yan dakon ba a tashe su gaba ɗaya, sai rukuni rukuni, saboda kowace kwamfuta takan ja wuta mai yawa a daidai lokacin kunna ta. Idan ɗari suka ja tare, janareta na iya mutuwa. Ba sai mutum ya bi su yana danna maɓalli ba. Akwai tsarin IPMI, wanda ya fito a 1998, da yake ba da damar kunna kwamfuta ko kashe ta daga nesa.

Sauka kuwa juyin tashi ce. Da farko madugu ya daina ba da sabon aiki. Ayyukan da ke tafiya a bar su su ƙare, ko kuwa su rubuta inda suka tsaya don a ci gaba daga nan. Sannan a kashe 'yan dako, sai madugu, sai rumbu. Dalili shi ne kwamfuta takan riƙe wasu bayanai a ƙwaƙwalwarta kafin ta rubuta su a rumbu. In aka yanke wuta a wannan hali, aikin mako guda yana iya salwanta.

Bugu da ƙari, manhajar Slurm, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin bincike na Lawrence Livermore, tana iya kashe ɗan dakon da ya zauna babu aiki, ta tashe shi in aiki ya zo. Wannan rangwame ne babba ga mai sayen man janareta.

Jama'a, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma bincikenta ba zai rabu da babban lissafi ba. Mun kuma ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki babu lantarki a watan Oktoba na 2024. Batirin ko-ta-kwana mintoci kaɗan yake bayarwa, kuma amfaninsu shi ne ayari ya sauka bisa ƙa'ida. Don haka ina kira ga ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayen irin waɗannan injuna da ya tambaya tukuna: minti nawa batirin zai riƙe, minti nawa kuma saukar take ci? Idan na biyu ya fi na farko, kada ya sa hannu.