Ƙarafan da Ke Kwance Cikin Lakar Magudanan Kadawa

Ruwan da manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suke shayar da gonakinsu yana tasowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kafin ya isa gonakin shinkafa da tumatir, yakan bar laka a ƙasan magudanai. A cikin irin wannan laka ne ƙarafa masu guba, kamar dalma da kadmiyam, sukan taru idan sun shiga ruwa. Alal misali, takin zamani mai sinadarin fosfet yakan zo da ɗan kadmiyam.

Domin sanin yawansu, mai bincike yakan ɗebi lakar da cokalin roba, gudun kada na ƙarfe ya gurɓata samfurin. A ɗakin gwaje-gwaje sai a busar da ita, a tankaɗe, saboda garin mai laushi ya fi riƙe ƙarfe. Daga nan a dafa shi cikin asid mai ƙarfi har ƙarafan su narke, a fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska shi da wata fitila ta musamman. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake zuƙewa, kuma gwargwadon abin da ya zuƙe, gwargwadon yawansa. Alan Walsh ne ya bayyana wannan dabara a Ostireliya a 1955.

To amma jimillar ƙarfe ba ita ce ma'aunin haɗari ba. Wani yana kulle cikin ƙwayar yashi, saiwa ba za ta iya tsotsarsa ba. Wani kuwa ɗan ruwa kaɗan ya isa ya sake shi. Saboda haka a 1979 André Tessier da abokan aikinsa a Kanada suka fito da hanyar wanke samfuri ɗaya sau 5, daga ruwan gishiri mai sauƙi har zuwa asid mafi ƙarfi, ana auna abin da ya fita a kowane wanki. Wanda ya fita da wuri shi ne ya fi saurin shiga shuka da kifi.

Wannan rabo yakan sauya. A ƙarƙashin ruwa, inda babu iska, kadmiyam yakan haɗu da sinadarin farar wuta ya kwanta. Da zarar an yashe magudana, laka ta sha iska ta bushe, sai ya saku. Shi ya sa samfurin wannan gwaji ake rufe shi da damshinsa, a ajiye cikin sanyi.

Shinkafa tana cikin tsirran da suka fi ɗaukar kadmiyam. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyam na kogin Jinzu, wanda ya bi ta shinkafa, shi ne ya lalata ƙoda da ƙasusuwan mazauna yankin. Don haka ya kamata a gwada lakar da aka yaso daga magudana tun kafin a watsa ta a gona.